Ku Mayar wa Wahiba Tulunanta

Kafin ladanin lungunmu ya gama gyaran murya, Wahiba ta riga ta hura wuta. Haka na san ta tun muna amare ni da ita, a nan Dishna, a layin da jirgin ƙasan ɗaukar rake yake bi ta bayansa. Za ta fito tsakar gida da baƙin mayafinta ɗaure a ƙugu, ta tsinko ganyen gwaiba, ba wanda ya tsufa ba, ba kuma ɗan toho ba, ta wanke shi ɗaya bayan ɗaya kamar mai wanke wa jika kunne. Hulba tana jiƙe tun jiya. Ta daka citta da kirfa, ta juye duka a tukunyar tagullar da ta gada wurin uwarta, ta zauna a kan 'yar kujera tana fifita. Sai ruwan ya ƙone ya koma rabi take saukewa, ta tace da farin ƙyalle, ta bari ya sha iska, sannan ta zuba zumar rake ta matse lemun tsami. Ka ce mata ta matsa lemun tun tukunya tana kan wuta don a yi sauri, za ta dube ka kamar ka zagi ubanta.

Ƙanshin nan shi yake tashin mu a watan Tuba, lokacin da sanyi ke shiga ƙashi, ana saran rake ana ƙone ganyensa a gonaki, hayaƙi ya kwanta a kan gari, kowane gida ka wuce ka ji ana tari kamar ana faskare.

Ni ce Fahima, wadda kuke kira Ummu Sabri. Ban yi makaranta ba, kuma ban zo neman gafarar kowa a kan haka ba. Matar ƙaramin ɗana ce take rubuta abin da nake faɗa, za ta saka shi a shafin unguwa da kuke kwana kuna lasa a waya, na kuma ce mata idan ta gyara mini baki ba ni ba ita. Na zo in yi wa Wahiba jinjina tun tana da kunnen ji. Na kuma zo da fushi, domin an yi mata abin da bai kamata ba, kuma mutanen da suka sha daga hannunta ne suka yi.

Wanda ya girma a lungun nan ya san 'yan tulunanta. Ƙanana ne, na yumɓun garin Ƙena, kowanne ta ɗiga masa shuɗin fenti a wuya don kada ya ɓata. Suna jere a kan wata kanta a bayan ƙofarta, sun fi ƙarfin ƙirga da ido. Ba a zuwa a roƙe ta. Ita take kasa kunne. Ta ji tari ta bayan katanga, kafin rana ta ɗaga ɗan tulu ya iso gidan da ɗuminsa, an toshe bakinsa da ganye. Har muryoyin tarin ta sani. Ta taɓa ce mini, "Wannan ba na Shahat ba ne, na matarsa ne. Shi nasa yana da wutsiya, kamar jaki ya fara kuka ya fasa."

Shahat mai amalanke yana raye, ku tambaye shi. Shekarar da muryarsa ta dishe ana tsakiyar kakar rake, har alfadarinsa ya daina jin umarninsa, wa ta yi ta aika masa safe da yamma? Da muryar ta buɗe, ya zo ƙofarta yana ihu, yana kiranta da sunan 'yarta, "Ummu Nagat, Allah ya saka miki, na samu bakin zagin dabbar nan!" Ta leƙo ta ce, "Da na san abin da za ka yi da ita ke nan, da na bar ka a bebe."

Kada wani ya ɗauka boka ce. Ba ta taɓa cewa ruwanta yana maganin komai ba. Abin da take faɗa kullum shi ne, "Ni mura nake lallashi, ba na tayar da gawa." Lokacin da Sabri nawa yake ƙarami, ya kwanta da zazzaɓi, ƙirjinsa yana shiga yana fita, na ruga wurinta ina cewa ta ba ni ruwan nan. Ta zo ta kara kunne a bayansa, ta miƙe ta ce, "Fahima, wannan ba nawa ba ne. Ɗauko mayafinki." Ita ta saɓa shi a kafaɗa har asibiti. Yau Sabri kaka ne. Ke ce kika ɗauke shi, Wahiba, kina haki kina zagina a hanya wai na cika kuka. Ban manta ba, ko zagin ban manta ba.

To, kowa ya san kwanon maƙwabci ba ya komawa gidansu wayam. Haka muka tarar, haka muke yi. Tulun Wahiba ma ba ya komawa wayam. Mai bishiyar lemu ya cika shi da lemu, mai hulba ya zuba hulba, wata ta ɗora gurasa a bakinsa, wata dabino. Shahat sandar rake yake soka wa a ciki, ta yi tsayi ta fi tulun sau biyar, ya taho da shi a tsakiyar layi kamar mai riƙe da tuta. Damyana, maƙwabciyarmu Kirista da mijinta ya rasu ya bar ta da kaji, ita kullum ƙwai ne. Takan ce, "Mu rabin shekara muna azumi ba ma cin ƙwai, kajin nan kuwa ba su da addini, ba sa hutawa." Ba biya ba ne, wa zai biya Wahiba? Gaisuwa ce. Tulu ya dawo da abu, kin san gidan suna cewa mun sha, mun gode, a sake tunawa da mu. Kuma rabin abin da yake shiga tukunyar gobe daga cikin tulunan jiya yake fitowa. Lemun gidan wane ya warkar da maƙogwaron gidan wance, ba wanda ya san na wa ya sha. Haka lungun nan ya yi ta shayar da kansa ta hannun mace ɗaya, shekara da shekaru.

Sana'ar kuwa ba ita ta neme ta ba. Mai shayin bakin tasha ne ya fara zuwa, ya ce direbobin motocin rake suna tambayar ruwan Wahiba, ta sayar masa ko kwalba biyu. Ta ƙi, ta ce kunya. Ni na zaunar da ita na ce, "Ke, mijinki ya mutu, kina da yarinya a makaranta, kunya za ki dafa mata?" Ta yarda, amma da sharaɗi: baƙo ya saya, ɗan lungu kuwa tulu ne nasa har abada. Daga tasha aka kai kasuwar mako, daga kasuwa masu kantin kayan ƙanshi na Ƙena suka fara aikowa. Da ruwan nan ta yi wa 'yarta Nagat karatu har ta aurar da ita Alƙahira.

Sai ɗan ƙaninta Midhat ya dawo daga aikin ƙasashen mai, da tabarau da dabara. Zan faɗi gaskiyarsa kafin in faɗi laifinsa. Shi ya yi ta zirga-zirga har aka ba su izinin hukuma. Shi ya kama ɗaki mai tsabta a bakin titi, ya sa manyan tukwane, ya kawo kwalabe masu murfi da takarda a jiki. Matan lungun nan da dama yanzu a can suke aiki, suna kai wa 'ya'yansu abinci. Idanun Wahiba hayaƙi ya riga ya cinye su, gwiwa ta ƙi, ta koya wa matan hannu ta koma gida. Abu ɗaya ta riƙe wa kanta: tukunyar tagulla da tulunan lungu.

Ni kuma Sabri ya ɗauke ni Suwais, na yi sanyi biyu a can ina kallon teku kamar wadda aka ɗaure. Bana na ce ko a ƙafa sai na dawo. Na sauka daga jirgi da mura, hanci yana zuba, na kwanta a ɗakina ina tari da ƙarfi, har ina ƙarawa da gangan don a ji ta bayan katanga. Safiya ta yi, ba tulu. Wata safiyar ta yi, ba tulu, ba ƙanshi. Na ja mayafi na fita in ci mata mutunci.

Na same ta zaune a rana, hannu a kan gwiwa. Murhu a sanyaye. Kantar bayan ƙofa ba komai sai ƙura da zanen gindin tuluna. Tukunyar tagulla an cusa ta a buhu an ɗaure bakin da igiya.

Na ce, "Wahiba, kurma kika zama? Ina ta tari kamar zan amayar da hanta."

Ta ce, "Na ji ki, tsohuwar banza. Tun daren da kika sauka na gane naki. A me zan zuba miki, a tafin hannu?"

"Ina tulunan?"

"Sun fita ba su dawo ba."

"Duka?"

"Ɗaya bayan ɗaya. Na aika, shiru. Na sake aikawa da wani, shiru. Har na ƙarshe." Ta share ido da gefen mayafi, ta ce hayaƙi ne, alhali ba wuta a gidan. "Sun ƙoshi da ni, Fahima. Na kwalba suke saya a shago, ina ganinsu suna wucewa da shi a leda, suna sauri kada mu haɗa ido. In an riƙe miki tulu, ai an gaya miki kada ki ƙara."

Na ce, "Me ya hana ki aika a karɓo?"

Ta ɗago ta harare ni. "Ni? In aika a karɓo mini kwano a gidan maƙwabci? Uwata ba ta yi ba."

Gaskiyarta, ba a yi. Sannan ta gaya mini sauran. Nagat za ta zo da mota in Tuba ya ƙare, ta tafi da ita Alƙahira, bene hawa na tara, inda ba bishiyar gwaiba, ba katangar da za a ji tari ta bayanta. Ta ce ta amince, tunda ba wanda yake bukatarta a nan. Macen da aka haifa a layin nan, ta binne miji daga layin nan.

Daga gidanta ban zame ko'ina ba sai gidan Damyana. Ina shiga na ɗaga kai, ga su a saman kabad, tuluna uku masu shuɗin wuya, a wanke tas, an lulluɓe su da ƙyalle kamar kayan amarya.

Na ce, "Damyana, ɓarauniya kika koma da tsufanki?"

Ta zauna a bakin gado ta fara kuka. Da ƙyar na ciro maganar daga bakinta. Bara waccan, ta ɗauki tulu da ƙwai a ciki za ta mayar. Ta tarar da motoci a ƙofar Wahiba, Midhat ya kawo baƙi daga Alƙahira, masu manyan kantuna, su ga inda abin ya samo asali. Ya tare ta a bakin ƙofa, ya leƙa tulun, ya yi dariya, ya ce da ƙarfi a gaban mata masu ɗibar ruwa a famfo, "Haba Inna Damyana, Gwaggo fa yanzu mai kamfani ce. Ƙwai uku da kashin kaji a jiki? Ku daina ba mu kunya a gaban mutane." Ta juyo da tulunta. Wahiba tana ciki tana zuba wa baƙi shayi, ba ta ji komai ba.

Kafin la'asar maganar ta gama lungu. Kowace mace ta dubi lemunta biyu, ta dubi gurasarta, ta ce me zan saka a tulun mai kamfani? Ba za a mayar wayam ba, abin kunya ne. Ba za a mayar da ɗan abin da ake da shi ba, an ce shi ma abin kunya ne. Sai kowa ta wanke nata ta ajiye, wai sai ranar da ta samu abin da ya dace. Damyana ta ce ita tana jiran ta yi kiwon talotalo. Ranar ba ta zo ba. Tunda kuma tulu yana saman kabad ɗinki, da wane ido za ki gaishe da mai shi? Sai ki sunkuyar da kai ki wuce, ki je shago ki sayi na kwalba.

Kun ji wautar da muka iya? Gida sama da talatin suna ɓoye da tulunanta don girmamawa, ita kuma tana zaune tana haɗa kaya don tana zaton an tsane ta. Kuma ba mace ɗaya mai ƙarfin halin da za ta buɗe baki.

Na tafi shagon Midhat a haka, hanci yana zuba. Ya taso da fara'a, "Inna Ummu Sabri! Saukar yaushe? A kawo miki kwalba, na ji muryarki ta toshe."

Na ce, "Riƙe kwalbarka. Me ka ce wa Damyana?"

Wallahi har ya manta. Da na tuna masa, ya ce, "Inna, wasa ne fa. Baƙi ne manya, ina so su ga abin da tsari. Ban yi nufin komai ba."

Na ce, "Ƙwan nan mai kashin kaji shi aka soya maka kana yawo a layin nan ba wando, majina har baki. Lemun da ya fara shiga ruwan da kake sayarwa, a cikin tulu ya zo, daga gidan matalauta. Kai ka kawo murfi da takarda, Allah ya yi maka albarka. Amma da baki ɗaya ka kashe wa gwaggonka wuta."

Matan da suke aiki a ciki duk sun tsaya cak da ludaya a hannu. Ya cire tabarau ya mayar. Ban jira amsarsa ba.

Na koma gidan Damyana na sauko da tulu ɗaya. Ta ce, "Me za ki saka?" Na duba madafinta, na ɗauki albasa guda, ƙarama, har ta fara tsiro. Ta riƙe mini hannu, "Ummu Sabri, don girman Allah, albasa?" Na ce albasa. Na ɗora ta a bakin tulun yadda kowa zai gani, na aza a ka, na fito tsakiyar layi da rana tsaka, ina tafiya a hankali kamar mai rakiyar amarya, Damyana tana bina a baya tana rufe fuska. Duk tagar da na wuce sai na tsaya na ce, "Ku leƙo ku gani, albasa zan kai wa mai kamfani!"

Wahiba tana nan inda na bar ta. Na dire tulun a gabanta. Ta shafa wuyansa da yatsa, ta gane fentinta. Ta ɗauki albasar ta juya ta, ta sunsuna, ta dubi Damyana.

"Shekara biyu, Damyana, sai albasa mai tsiro? Kajin sun musulunta ne sun fara azumi?"

Damyana ta faɗa jikinta, suna kuka suna dariya, ni kuma na tsaya a kansu na zayyana mata komai, ban rage wa Midhat ko harafi ba. Can ta ce, "Ashe kunya ce." Ta sake cewa, "Ashe kunya ce, ni ina nan ina cewa ƙiyayya." Sai ta miƙa mini hannu. "Tashe ni. Ke kuma kwance mini buhun nan, igiyar ta fi ƙarfin yatsuna."

Washegari ƙanshin citta da ganyen gwaiba ne ya tashe ni. Tulun da na kai jiya shi ya dawo mini da ɗuminsa, an toshe bakinsa da ganye. Na sha ina zaginta don ta cika citta.

Ke ce uwar masu tari, Wahiba. Ke ce kika san muryar ƙirjin kowa a layin nan, ba ki taɓa tambayar mai tarin masallaci yake zuwa ko coci ba. Kin ƙone idanunki a kan murhu don 'ya'yan wasu su yi barci. Kin gina sana'ar da yau take ciyar da gidaje, ba ki taɓa sa ɗan lungu ya zaro ko sisi ba. Ba a taɓa kiranki gaban taro an tafa miki ba, ke ma ba ki nema ba. Na gode miki a kan Sabri, na gode miki a kan kowane sanyi da kika raka mu muka fita. Allah ya ƙara miki lafiya, ya bar mana ke. Ku kuma 'yan matan da kuka koyi hannunta a shago, ku koyi kunnenta ma. Dafawa kowa zai iya, sauraron katangar maƙwabci shi ne aikin.

Amma ban gama ba. Tulu biyu ne kawai a kantar nan yanzu, sauran na gidan Damyana. Wahiba ta gaya wa Nagat a waya ta dakata da motar tukuna, sai ta ga abin da Tuba zai ƙare da shi, kuma na san abin da take dubawa: bayan ƙofarta. Ba za ta aika a karɓo ba, kun sani. Ni kuwa ba ni da irin kunyarta, na kuma san gidan da kowane tulu yake. Shahat, akwai biyu a wurinka, ka nemo sandar rakenka. Kai kuma Midhat, na ajiye maka wanda aka aiko mini. Za ka je gidan Damyana ka roƙe ta ƙwai uku, kada ka wanke su, ka ɗauko da hannunka ka bi ta gaban famfo ka kai wa gwaggonka.

Sauran ku sauko da nata daga saman kabad yau, ba gobe ba. Kada wadda ta ce mini ba ta da abin sakawa. Albasa mai tsiro na kai, kuna kallo ta taga, kuma an karɓa.